Farautar barewa da bindigar toka a Kolorado: tambayoyin da 'yan'uwa ke yawan yi min

Tun ranar da na kai kilishin barewa masallacinmu bayan sallar Juma'a tambayoyi basu ƙare ba, wannan ya tare ni a wajen ajiye motoci, wancan ya kira ni da dare, har daga gida akwai wanda ya turo min saƙon murya yana cewa wai da gaske ne a Amurka ma ana farauta da bindigar toka? Da gaske ne kuwa. Toh maimakon in ta maimaita amsa ɗaya nace bari in zauna in haɗa su wuri guda. Duk abin da zan faɗa a kan jihar Kolorado ne, nan nake zaune nan nake farauta, kowace jiha da dokarta, kar wani ya ɗauki maganata ya tafi da ita wata jiha. Kuma ko a nan ɗin hukumar gandun daji da namun dawa ta jihar tana fitar da sabon littafin dokoki duk shekara, shi ne alƙali ba ni ba.

Malam, wai wace irin bindiga ce wannan? Irin adakar maharbanmu ce?

Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ta baki ake ɗura ta, ka zuba albarushi, ka sa harsashi, ka danna da sanda har ya zauna daram a kan albarushin, sannan ka sa ɗan abin da ke tada wuta a baya. Harbi ɗaya gare ka, idan ya fita shikenan sai ka sake ɗuri daga farko, irin wadda muke ce wa harba-ka-ruga. Kawuna maharbi ne, ina yaro ina zama kusa dashi ina kallon yadda yake auna albarushi a tafin hannu ya cusa tsumma ya daddanna, ranar da na fara riƙe irin ta nan warin hayaƙin ne ya fara mayar dani can.

Bambancin dai ta nan masana'anta ce ta ƙera ta, cikin bututunta akwai zane mai murɗa harsashi ya tafi sak, kuma albarushin da ma'auni ake auna shi ba da ido ba. Amma kar ka ɗauka an bar ka ka ƙawata ta yadda kake so. A lokacin farautar bindigar toka a Kolorado ba a yarda da madubin saiti mai jawo nesa kusa ba, sai saitin ƙarfe na ido kawai. Ba a yarda da albarushin da aka dunƙule kamar ƙwayar magani ba sai na gari, ba a yarda da harsashi mai rigar roba ba, ba a yarda da albarushi marar hayaƙi na bindigogin zamani ba (wannan ma kar ka kuskura, yana iya fasa bindigar a fuskarka), kuma babu wani abu mai batir da za a liƙa mata. Na barewa, dogon harsashi kar ya gaza kaliba .40 (kaliba ma'aunin kaurin harsashi ne), idan dunƙulallen dalma ne kuwa kar ya gaza .50. Yawancinmu .50 muke riƙewa.

Me yasa sai an yi ƙuri'a? Ba zan iya shiga shago in sayi lasisi kawai ba?

Na barewa a'a. Tun 1999 jihar ta ƙayyade lasisin farautar barewa saboda yawansu ya ragu sosai a shekarun da suka gabata, sai aka koma kowane yanki da adadin lasisin da za a bayar. An yanka jihar gunduwa-gunduwa, kowane yanki da lambarsa, lasisinka kuma na yanki ne takamaimai, da irin makami takamaimai, da jinsi, namiji ko mace. Idan ka duba lambar farautar da kake nema duk suna ciki: D na farko barewa kenan, M na biye namiji, sai lambar yanki, M na ƙarshe kuma bindigar toka. Harafi ɗaya ka kuskure ka nemi abin da baka yi niyya ba.

Ana buɗe nema a watan Maris a rufe ranar Talatar farko ta Afrilu, sakamako ya fito wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Kafin ka nema sai kana da katin kammala darasin farauta, in dai an haife ka daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau, kaga kusan dukkanmu kenan, sannan ka sayi ɗaya daga cikin lasisin share fage kamar na ƙananan namun dawa. Zaɓi huɗu ake baka. Idan baka samu zaɓinka na farko ba sai a baka maki ɗaya, makin nan yana taruwa shekara bayan shekara, mai maki da yawa shi ke gaba a layi, ranar da kuma ka samu zaɓin farko makinka duk sun tafi ka koma sifili. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe tun daga nan: kana iya tara maki shekara uku ko biyar ko fiye, ka kashe su a kan kwana 9 kacal na lokacin farautar bindigar toka a Satumba, da harsashi ɗaya a bindiga. Wanda ya gane haka ba zai bari sai ana gobe buɗewa ya fara tambayar ina barewa suke ba.

Ni baƙo ne, biza gare ni, zan iya?

Ba sai ɗan ƙasa ba, kuma ba sai mazaunin jihar ba, sai dai wanda ba mazauni ba kuɗin lasisinsa ya ninka namu sau da yawa kuma kason da ake ware musu kaɗan ne. Sai ka yi wata shida cur kana zaune a jihar kafin a lissafa ka mazauni. Maganar riƙe bindiga ga mai bizar ziyara ko ta karatu kuwa akwai dokar tarayya a kanta kuma ba abin wasa bace, ɗan'uwa kar ka dogara da abin da wani ya faɗa maka a majalisa, ka tambayi lauya kafin ka taɓa komai. Idan kuma ta jirgi zaka zo ka sani ba a hawa jirgi da albarushi ko abin tada wutarsa, ko a jakar da ake aunawa, sai ka sauka ka saya.

Wane yanki zan nema?

Kowa sunan kwarin Gunnison yake ji, yankuna irin su 54 da 55 da 66 da 67, kuma gaskiya ne wurin ya yi suna da manyan mazajen barewa, shi yasa ma layin yake da tsawo. Ra'ayina dai, ga mai farawa, yankin da zaka iya zuwa sau huɗu ko biyar kafin Satumba ya fi maka yankin da ya yi suna amma sai ka yi tuƙin awa shida. Na sha ganin wanda ya ci babban yanki ya dawo hannu rabbana saboda ranar buɗewa ce ranar farko da ƙafarsa ta taka wurin.

Hukumar tana wallafa lissafin kowace shekara kyauta, mutum nawa suka nemi kowane yanki, da maki nawa aka samu, mutum nawa suka yi nasara. Ka duba na shekara uku zuwa biyar a jere ba na bara kaɗai ba. Ka duba kuma yadda hunturu ya kasance a wurin, misali hunturun 2022 zuwa 2023 ya yi muni ƙwarai a arewa maso yammacin jihar, dabbobi da yawa suka mutu har aka rage lasisi sosai a can. Abu na uku, nawa ne filin gwamnati a yankin? Akwai yankin da lasisinsa ke da sauƙin samu don kawai yawancinsa gonaki ne da makiyayar mutane, ka samu lasisi amma babu inda zaka sa ƙafa.

Na ci ƙuri'a alhamdulillah. Ta ina zan fara?

Ta taswira, tun a daren. Ina buɗe manhajojin taswira na Google Earth da onX in zauna dasu kamar mai karatun jarrabawa. Farko iyakar yankina, sannan ina ne filin hukumar dazuzzuka ta tarayya ko na BLM, wato hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, ina ne na mutane. A Kolorado mai fili ba dole bane ya kafa allo ko ya ja waya, kai ne zaka san inda kake, idan ka shiga ba izini laifinka ne ko da baka ga alama ba, kuma idan barewar da ka harba ta faɗi a cikin filinsa sai ka nemi izininsa kafin ka shiga ɗauko ta.

Bayan haka hanyoyi. Hukumar dazuzzuka tana da taswirar da ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi, ka sauke ta a waya don can sama babu netwok. Sai in ja layi a raina, duk inda bai kai kilomita biyu daga hanyar mota ba in sa ran zan haɗu da mutane. Akwai kuma wuraren da dokar 1964 ta keɓe, ba mota ba babur ko keke ma ba a shiga dashi, sai ƙafa ko doki, can mutane sun fi ƙaranci amma ka tuna duk abin da ka kashe a bayanka zai fito.

Sannan in nemi abubuwa uku kusa da juna, abinci, makwanci, ruwa. Barewar nan da muke nema ita ce mai manyan kunnuwa kamar na alfadari, daga nan ma ta samo sunanta na Turanci, mule deer. A tsakiyar Satumba mazajen basu fara neman mata ba, wannan sai Nuwamba, suna tare ne su uku su biyar maza zalla, kuma a yankunan tsauni da yawansu suna can sama inda itatuwa ke ƙarewa, wajen mita 3,500. A taswira ina neman ɗan kwari mai siffar ƙwarya a ƙarƙashin ƙololuwa, kore shar, da 'yan dunƙulen gajerun itatuwa da zasu kwanta a inuwarsu. Sai kuma abin da mutane ke mantawa, tudun da ni zan zauna in hango kwarin ba tare da na shiga cikinsa ba. Ina sa alama a wurare kamar goma, na san rabinsu idan naje zan tarar ba haka suke ba.

Sau nawa ya kamata in je leƙen wurin, kuma me zan duba?

Iya yadda aiki da iyali suka bari, amma in so samu ne kar ya gaza uku. Zuwan farko a Yuli na hanya ne kawai, ina motata zata iya kaiwa, ina zan kafa tanti, rafin da na gani a taswira yana da ruwa ko ya ƙafe, tudun da na zaɓa ana iya hawansa cikin duhu? Na biyu a Agusta shi ne na neman dabbobin. Na uku kuma kwana biyu ko uku kafin buɗewa.

Agusta ita ce watan da Allah Ya sauƙaƙa ganinsu. Gashinsu na rani ja-ja ne, a cikin koren ciyawa daga nesa zaka hango, kuma ƙahonsu yana lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karammiski, jini na gudana a ciki, basu son ya bugi reshe don haka suna yawan zama a fili. Da Satumba ta kama sai su goge fatar a jikin itatuwa, gashin ya fara komawa ruwan toka, su fara shigewa cikin duhuwa. Kwanakin bindigar toka a daidai wannan canjin suke faɗawa, a 2024 daga 14 zuwa 22 ga Satumba, a 2025 daga 13 zuwa 21. Shi yasa idan baka tarar dasu inda ka bar su a Agusta ba kar hankalinka ya tashi ka bar dutsen gaba ɗaya, sau da yawa ɗan gangarowa kawai suka yi zuwa bakin itatuwa.

Yadda ake dubawa kuwa, da ido ne ba da ƙafa ba. Maharbanmu na gida bin sawu suka ƙware a kai, kawuna yana iya gaya maka gada ce ko barewa kuma tun yaushe ta wuce, wannan ilimin yana amfani a nan ma, sabon kashi mai danshi, ciyawar da aka kwanta a kai ta lanƙwashe, ɓawon itacen da aka goge da ƙaho. Amma a saman tsauni idan ka ce zaka bi kwarin da ƙafa kana neman sawu, warinka zaka shimfiɗa ko'ina ka kore su da kanka. Ka hau tudunka tun kafin asuba, ka yi sallarka a can, ka ɗora madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku ka zauna. Ka raba gangaren gida-gida kana bi a hankali, kar ka nemi barewa sukutum, ka nemi kunne, ka nemi farin gindi, ka nemi reshen da ya motsa alhali babu iska.

Akwai wata safiya a Agusta da na zauna kusan awa biyu ban ga komai ba, sanyi ya kama yatsuna, har na fara naɗe kaya. Sai rana ta taɓa gefen kwarin, na ga wani abu kamar busasshen reshe a cikin gajerun itatuwan bakin rafi ya juya a hankali. Ƙaho ne. Da na tsaya a wurin sai ga na biyu, ga na uku, ga na huɗu, ashe tun zuwana suna gabana. Na bi su da ido har wajen ƙarfe tara suka haura suka kwanta ƙarƙashin wani dutse, babban ya tona ƙasa da kofato sau biyu kafin ya durƙusa, ya juya baya ga iska fuskarsa na kallon gangare. Na rubuta lokaci da wurin a ɗan littafina. Wannan rubutun ya fi min komai amfani, domin inda suke kiwo da safe kowa na iya gani, inda suke kwanciya da hanyar da suke bi zuwa can shi ne sirrin.

Kana ta maganar wari, iska tana da wani tsari ne a tsauni?

Tana dashi sosai. Da dare da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi ƙasa, da rana ta ɗumama dutsen sai ta juya ta riƙa hawa sama, da yamma ta sake juyowa. Tsakanin juyawar nan, wajen hantsi, tana ta kai-kawo babu alƙibla, wannan lokacin zama ne ba na motsi ba. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu bari su kwanta, mu jira iska ta daidaita tana hawa, sannan mu zagaya ta baya mu sauko musu daga sama. Zagayen nan na iya cin awa uku. Ina riƙe ɗan kwalba mai farin gari ina fesawa in ga inda ya nufa, kawuna toka yake ɗaurewa a tsumma ya kaɗa, aikin ɗaya ne. Barewa tana iya ganinka ta tsaya tana shakka, tana iya jin motsinka ta tsaya, amma in ta shaƙi warinka babu tsayawa.

Zan iya amfani da jirgin nan marar matuƙi, ko in zuba gishiri, ko in zo da karnuka?

A'a, a'a, a'a. Neman dabba da jirgi marar matuƙi haramun ne a dokar jihar, zuba gishiri ko hatsi don jawo su haramun ne, kora da karnuka irin farautar gayya ta gida ma haka. Haska fitila da dare kuwa kar ma ka fara, lokacin harbi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta.

Daga wane nisa zan iya harbi?

Daga nisan da kake iya sa harsashi a cikin farantin cin abinci kowane lokaci, ba sau ɗaya cikin uku ba. Ga yawancin mutane da saitin ƙarfe wannan yana wajen yadi 100 ne, kusan mita 90, nawa ma bai kai haka ba idan numfashi na sama. Harsashin yana da nauyi kuma baya da saurin na bindigar zamani, da ya wuce nan sai ya fara faɗuwa sosai, ga shi kan saitin kansa yana rufe rabin dabbar idan ta yi nisa. Masu talla zasu ce maka bindigar tana kai yadi 200, tana kaiwa mana, idonka ne baya kaiwa.

Wannan ya shafi leƙen wuri kai tsaye. Ganin babban namiji a tsakiyar fili fetal ba wani abin murna bane idan babu dutse ko kwazazzabo ko itatuwan da zasu ɓoye ka har ka matso. Duk wurin da na ga barewa tambayar da nake yi ita ce, ta ina zan kai mita 80 daga makwancinsa?

Ka fara gwaji tun Yuni. Ka zaɓi albarushi ɗaya, ko baƙin na asali ko madadinsa irin su Pyrodex, Triple Seven, Blackhorn 209, da harsashi ɗaya da ma'auni ɗaya ka tsaya a kansu. Ka yi harbi a zaune, a durƙushe, a kan jakar baya, ba a kan teburi kaɗai ba. Ka lura harbin farko daga wankakken bututu wani lokaci baya faɗa wuri ɗaya da na biyu, kuma na farkon ne zaka yi a daji. Ka yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda take tsayawa idan bindigar na ɗure, don kar ka ɗura sau biyu ko ka bar rata tsakanin harsashi da albarushi. Kuma kar ka taɓa zuba albarushi daga babban gwangwani kai tsaye cikin bututu, ta ma'auni ake bi.

Idan aka yi ruwa fa?

Za a yi, a tsaunukan nan hadarin la'asar da tsawa abu ne da aka saba, wani lokacin har dusar ƙanƙara a Satumba. Danshi shi ne babban abokin gabar wannan bindiga. Ka liƙe bakin bututun da ɗan salatif, baya hana harbi. Da dare kar ka shigar da ita cikin tanti ko mota mai ɗumi, gumi take yi ta ciki ta jiƙa albarushin, ka cire abin tada wutar ka bar ta a wuri mai sanyi a rufe. Dama doka ta ce kafin ka sa ta a mota sai ka cire shi.

Ni wannan ya taɓa cina. Shekarar farko na kwana da ita cikin tanti, washegari na yi rarrafe kusan awa biyu na samu namiji a kusa, na ja kunama sai naji ƙyas kawai. Ya miƙe ya dube ni ya yi tsallen nan nasu da ƙafa huɗu lokaci guda ya haye tudu. Abin ya daɗe yana min ciwo. Idan haka ta same ka kar ka sauke bindigar ka leƙa, ka ci gaba da nuna bakinta inda babu kowa na aƙalla minti ɗaya, wani lokaci wutar tana makara ne ta tashi daga baya. Tsawa kuwa idan ta fara ka sauka daga ƙololuwa nan take, kana riƙe da ƙarfe.

Jikina zai ɗauka kuwa?

Denba, babban birnin jihar, kanta tana mita 1,600 ne sama da teku, inda zaka hau ya ninka haka. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, duk alamun tsayin ne. Ka zo da wuri ka kwana biyu a tsaka-tsaki kafin ka haura, ka sha ruwa da yawa, idan kuma ka fara tari da haki ko kana zaune, ko ka fara ruɗewa, magani ɗaya ne, sauka ƙasa ka nemi likita. Ka fara tafiya da jaka mai nauyi tun bazara. Ka bar wa iyalinka takarda mai sunan wurin da kake da ranar dawowa.

Dole ne in sa rigar nan mai ruwan lemu?

Dole. Inci murabba'i 500 na ruwan lemu mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli a saman ƙugu, haɗe da hular da ake gani ta kowane ɓangare, kuma mai dabbare-dabbare baya cikin lissafi. Ka tuna lokacin masu baka da kibiya ma suna daji kuma su ba a tilasta musu sa lemun ba, don haka kar ka ɗaga bindiga kan motsi ko inuwa sai ka ga dabbar sarai da abin da ke bayanta.

Idan ranar buɗewa na tarar wasu sun riga ni wurin?

Filin na kowa ne, ka yi musu sallama ku yi magana, ina kuka nufa ina na nufa, yawancinsu mutanen kirki ne. Shi yasa nace wurare da yawa, ni ina zuwa da uku da na riga na taka da ƙafata. Kuma ka yi haƙuri, Asabar da Lahadin farko ne cunkoso, daga Talata dutsen yakan yi shiru dabbobin su fara komawa al'adarsu. In hutun kwana biyar kaɗai zaka samu daga wurin aiki, ni dai tsakiyar mako zan ɗauka.

Naman halal ne?

Ni ba malami bane, abin da na koya wurin malamanmu shi ne ka yi bisimilla lokacin sakin harbi da niyyar farauta, idan ka tarar da ita da sauran rai ka yanka ta, idan harsashin ya huda ta ya zubar da jini ta mutu kafin ka iso ta halatta. Saboda haka wuƙata mai kaifi tana ƙuguna ba cikin jaka ba. Wanda yake da sauran shakka ya zauna da malaminsa kafin tafiya.

Na harba, hayaƙi ya rufe min ido, sai me?

Haka take yi, farin hayaƙi ya tokare gabanka na 'yan daƙiƙu. Ka saurara da kunne ta ina ta bi, ka riƙe wani dutse ko itace a ido daidai inda take tsaye, ka sake ɗuri kafin ka ɗaga ƙafa. Idan baka ga faɗuwarta ba ka jira kamar rabin awa, in kana zargin harbin ya yi baya wajen ciki ka jira awanni, in ka matsa mata zata tashi ta yi nisa. Harsashin nan wani lokaci baya fita ta ɗaya gefen, jinin sai ya yi kaɗan, a nan ne bin sawun gida yake rana.

Da ka same ta ka cike tambarin da ke jikin lasisinka ka sa hannu yadda aka rubuta. Satumba da rana akwai zafi, nama baya jira, ka feɗe nan take ka raba ƙafafu huɗu da naman gadon baya da na wuya ka sa a buhunan yadi masu shan iska ka rataye a inuwa, leda tana ruɓar dashi. Doka ta ce a bar shaidar jinsi manne a jikin ɗaya daga cikin yankan har ka kai gida, kuma barin nama a daji a ɗauke ƙaho kaɗai babban laifi ne. Akwai beyar a wuraren, in zaka yi sawu biyu ka matsar da naman nesa da kayan ciki. A mota ina barin manyan kula biyu cike da ƙanƙara tun ranar zuwa.

Sai maganar cutar nan mai cin ƙwaƙwalwar barewa ta rame har ta mutu, wadda aka fara ganowa a 1967 a wata cibiyar bincike a Fort Collins, nan cikin jihar. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kar a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita, kuma dafuwa bata kashe ta. Ana kai kan dabbar ofishin hukumar namun dawa ta jihar a ɗauki samfuri, wasu farautun ma gwajin tilas ne. Ka sa safar hannu, ka guji ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ni naman yana zama a firiza da alama a jiki har sakamako ya fito, kilishin da kuka ci a masallaci ma sai da ya bi ta nan.

Ban ci ƙuri'a ba bana, shikenan sai baɗi?

Ba lallai ba. Akwai zagaye na biyu da ake yi da rani, sannan a farkon Agusta ana sakin ragowar lasisin da waɗanda mutane suka mayar, mai saurin hannu ya samu, kuma waɗannan yawanci basa cin makinka. In duk basu yiwu ba makinka ɗaya ya ƙaru. Ka ɗauki madubinka ka tafi yankin da kake hari a daidai kwanakin nan tara, ba bindiga, da rigar lemu, ka ga inda motoci ke taruwa da inda barewa ke gudu idan an matsa musu. Ko ka bi wanda ya samu ka taya shi ɗaukar nama, ni kaina bana ina neman mutum biyu masu ƙarfin baya, akwai cinya ɗaya ga duk wanda ya zo.